Kafin a Fitar da Kaya Waje: Yadda Ake Haɗa Hannu da Ƙungiyoyin Unguwa Wajen Ceto 'Yan Haya

A biranenmu irin su Kano, Kaduna, Zariya da Sakkwato, ba kasafai ake ganin iyalin da suka rasa muhalli kwance a bakin titi ba, shi ya sa mutane da yawa suke zaton matsalar ba ta kai ta kawo ba. Abin da yake faruwa shi ne, idan wa'adin haya ya cika babu kuɗi, sai gidan ya watse ba tare da kowa ya ji ba. Matar ta koma ɗakin mahaifiyarta da ƙananan yara, a raba manyan zuwa gidajen dangi, maigidan ya riƙa kwana a shagon abokinsa ko a barandar masallaci, kayan ɗaki kuwa a jibge su a zauren wani maƙwabci har ruwa da gara su lalata su. Wasu kuma sukan tare a kango da sunan gadi, babu ƙofa babu banɗaki. Yara su bar makaranta saboda an yi mata nisa, matar ta rasa masu sayen ƙosanta ko masu kawo mata ɗinki saboda cinikinta na cikin unguwa ne, kuma sau da yawa auren da aka ce an ɗan jingine shi har a samu ɗaki ba ya sake komawa.

Tushen matsalar yana cikin yadda muke biyan haya. Ɗan adaidaita sahu, ɗan dako da mai ɗinki suna samun kuɗinsu ne kullum-kullum, amma ana neman su biya hayar shekara guda a dunƙule. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da tsadar da ta biyo baya har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, ɗan abin da magidanci yake ajiyewa don haya ya koma cikin tukunya. Ciwon mako biyu, haihuwar da ta zo da tiyata, ko injin da ya buga, ya isa ya cinye tanadin wata takwas. Gibin da yake raba irin wannan iyali da ɗakinsu sau da yawa bai kai rabin hayar ba, alhali idan aka bari aka tashe su, kama sabon wuri zai buƙaci hayar shekara cikakkiya, da la'adar dillali, da kuɗin motar kwasar kaya, da gyaran ɗaki. Saboda haka tallafin da ya iso mako guda kafin a tashe su ya fi wanda ya iso mako guda bayan tashi araha da amfani nesa ba kusa ba.

Wannan jagora an yi shi ne domin masu kuɗin bayarwa da ba su da ido a cikin lunguna: gidauniya, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, 'yan gari mazauna ƙasashen waje, ko attajirin da ya gaji da rabon da ba ya ganin tasirinsa. Kuɗinku ba zai iso a kan lokaci ba sai ta hannun mutanen da suke jin labari da wuri, kuma dole ne a ƙulla alaƙa da su tun kafin buƙata ta taso.

Zaɓen abokan aiki

Magidancin da aka ba shi notis ba ya zuwa ofis ya faɗa. Zai ɓoye har ga 'yan'uwansa, yana fatan wani abu zai faɗo kafin ranar. Waɗanda suke fara sani su ne limamin masallacin unguwa da ya lura mutumin ya daina tsayawa gaisuwa bayan salla, da malamar Islamiyyar matan aure wadda matar gidan ta yi wa kuka, da uwar adashi da ta ga an kasa zubi sau uku a jere, da mai unguwa wanda mai gidan haya ya kai wa ƙara. Daga cikin waɗannan za ku nemi abokan aiki. Akwai kuma ƙungiyoyin da suka daɗe da kafa rassa har matakin unguwa: FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, wadda tun kafa ta a Minna a 1985 take aiki a tsakanin mata, da kwamitocin marayu na Izala, da 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, da zawiyoyin ɗariƙu. A unguwanni irin su Sabon Garin Kano ko kudancin birnin Kaduna, majami'u da ƙungiyoyin Zumuntar Mata su ne suke da wannan kunnen, kuma asusun tallafin hayar da ya manta da su ya bar wani ɓangare na gari a baya. Ƙungiyoyin sana'a ma, na 'yan kasuwa, teloli da direbobi, sun san wanda jarinsa ya karye kafin iyalinsa su sani.

Kada ku dogara da ƙofa ɗaya a unguwa guda. Mai unguwa yana da muhimmanci, kuma duk aikin da aka fara ba tare da an je an gaishe shi an yi masa bayani ba zai gamu da cikas, amma yana iya kasancewa shi kansa mai gidajen haya ne ko aminin masu su. Kwamitin masallaci kuwa maza ne, ba lallai ne labarin bazawarar da ta gama takaba ta rasa mai biya mata haya ya iso gare su ba. A ganina mafi ƙaranci shi ne ƙofa uku: ta sarauta, ta addini, da ta mata, ta yadda wanda ba ya shiri da ɗaya zai iya bi ta wata.

Kafin ku amince da ƙungiya, ku je wurinta da ƙafarku. Ku nemi ganin littafin da take rubuta shiga da fitar kuɗi, ko da littafin makaranta ne mai shafi arba'in, domin abin dubawa shi ne ko ana rubutawa a kai a kai. Ku tambayi maƙwabta su wa ta taimaka wa a bara. Idan sunayen duk na gida ɗaya ne, ko kuma shugabanninta ba sa motsi sai lokacin zaɓe, ku yi musu godiya ku nemi wata.

Yarjejeniya a rubuce

Zumunci da kyakkyawar niyya ba sa hana saɓani idan kuɗi ya shigo, don haka a rubuta yarjejeniya da Hausa, shafi ɗaya ko biyu, a karanta ta a gaban kowa. Babban abin da za ta fayyace shi ne rabon aiki: wanda ya kawo suna ba shi ne zai tantance ba, kuma wanda ya tantance ba shi ne zai fitar da kuɗi ba. Wannan tsari kariya ne ga abokan aikinku kansu, domin limami ko shugabar mata za su iya cewa da ɗan'uwan da ya matsa musu, "Ni kai suna kawai nake yi, hukunci ba a hannuna yake ba."

A rubuta kuma iyakar abin da za a iya bai wa gida ɗaya, da sharuɗɗan cancanta, da wa'adin yanke hukunci. Wa'adin nan shi ne ran aikin. Kwamitin da ba ya zama sai ƙarshen wata ba zai hana a fitar da kayan kowa ba. Ku ba mutum uku ikon amincewa ta waya cikin kwana uku daga ranar da suna ya iso, sannan babban kwamiti ya duba abin da suka yi idan ya zauna.

Kuɗin ya zauna a asusun banki mai sunan ƙungiya, da masu sa hannu aƙalla biyu, kada ya zauna a asusun mutum ɗaya komai amanarsa. Wannan zai buƙaci rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin kwamitin amintattu, kuma bankuna sukan nemi takardar shaidar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram na hukumar EFCC. Idan ba ku kai ga haka ba tukuna, ku raɓu da wata ƙungiya mai rajista ku yi aiki ta asusunta bisa yarjejeniya. Ku ware kuma ɗan kuɗin mota da katin waya ga masu zirga-zirgar tantancewa. Matar da take biyan adaidaita sahu daga aljihunta don ta duba gidajen mutane za ta yi wata biyu ta gaji, kuma ba laifinta ba ne.

Idan akwai zakka a cikin abin da kuke tarawa, ku raba littafinta da na sauran sadaka tun daga ranar farko. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, cikinsu har da faƙirai, miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu, kuma yawancin masu bashin haya suna shiga ɗaya daga cikin waɗannan. Sai dai zakka haƙƙin wanda aka bai wa ce, don haka ku zauna da malamin da kuka amince da shi ya tsara muku yadda ɗan haya zai wakilta ku ku biya mai gida a madadinsa. Kuɗin mota, takardu da tallafin waɗanda ba sa cikin masu cin zakka su fito daga ɗaya asusun. A jihohin da suke da hukumar zakka, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano ko ta Zakka da Waƙafi ta Sakkwato, ku kai musu ziyara ku san abin da suke ɗauka, domin ku riƙa tura musu abin da ya fi ƙarfinku.

Tantancewa ba tare da tona asiri ba

Mutum biyu ne za su je gidan, ba tawaga ba, kuma ba cikin mota mai tambari ba. Idan mace ce mai buƙatar, mata ne za su shiga wurinta. A zaɓi lokacin da tsakar gidan haya ba ta cika ba, a shiga ɗaki a zauna kamar baƙin da suka zo gaisuwa. A nemi ganin takardar haya, rasit na ƙarshe da takardar notis idan akwai. Da yawa ba su da ko ɗaya, domin da baki aka yi cinikin, kuma rashin takarda ba dalilin hana tallafi ba ne. Sai a tabbatar da adadin daga bakin mai gidan ko dillalinsa, da kuma wani maƙwabci guda mai riƙe sirri.

Tambayoyin ba su da yawa. Nawa ake bin ka, kuma yaushe ne wa'adin? Me ya jawo aka kasa biya bana alhali an biya bara? Nawa ne a hannunka yanzu, kuma akwai ɗan'uwan da zai iya kamawa? Sannan tambayar da ta fi kowace nauyi, wadda masu tausayi sukan tsallake: idan an biya wannan, da me za a biya ta baɗi? Amsarta ce take nuna irin taimakon da ya dace. Wanda tsautsayi na lokaci guda ya kayar, kuma sana'arsa tana nan, cike gibin kawai yake buƙata. Wanda hanyar samunsa ta yanke, kamar matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, biyan haya kaɗai jinkirta ranar kuka ne, sai an haɗa da jari ko an sada ta da masu ɗaukar nauyin marayu. Akwai kuma wanda ɗakin ne ya fi ƙarfinsa tun asali, yana zaune a ciki da falo alhali samunsa na ɗaki ɗaya ne. Shi gaskiya za a faɗa masa cikin ladabi, a nema masa ƙarin lokaci a wurin mai gida, a taimaka masa ya koma inda zai iya riƙewa, in da hali a cikin unguwar don kada yara su bar makarantarsu.

Kada a ɗauki hoton kowa, kada a tara mutane a fili a kira suna a miƙa ambulan. Duk unguwar da aka taɓa ganin fuskar maƙwabci a Facebook yana karɓar tallafin haya, masu mutuncin cikinta za su gwammace a tashe su da su nemi taimako, kuma su ne ainihin waɗanda aka kafa asusun dominsu.

Zama da mai gida

A nan ne abokan aikinku na unguwa suke yin abin da kuɗi ba zai yi ba. Kada a je wa mai gida da fuskar tuhuma. Da yawa daga masu gidajen haya a unguwanninmu tsofaffin ma'aikata ne da fansho ba ya isarsu, ko marayun da gidan ne kaɗai gadonsu, kuma su ma hayar suke jira su biya kuɗin makaranta. A sami dattijon da yake jin nauyinsa ya jagoranci zaman, ya fara da amincewa da haƙƙinsa: "Alhaji, kuɗinka haƙƙinka ne, kuma ka yi haƙuri iya haƙuri. Mun zo ne da wani abu a hannu, muna neman ka yi mana alfarmar sauran." Mai gidan da ya ga kuɗi a ƙasa da dattawa a zaurensa yakan sauko fiye da yadda ake zato, domin shi ma ya san tashin ɗan haya yana nufin ɗaki ya zauna wata da watanni babu kowa, ga fenti, ga dillali. Idan akwai malami a zaman, zai iya tunatarwa da aya ta 280 ta Suratul Baƙara a kan jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, amma a matsayin nasiha, kada a mai da ita sandar duka.

A ce hayar naira 180,000 ce a shekara. Ɗan haya yana da 60,000, yayansa ya kawo 20,000, mai gida ya yafe 10,000 saboda dattawan da suka zo. Asusunku ya biya 60,000 nan take, ragowar 30,000 kuma ɗan haya ya biya a wata uku, dubu goma-goma. Da kashi ɗaya cikin uku na hayar kun tsare iyali guda a ɗakinsu, kuma mutumin ya fita daga zaman yana jin cewa shi ne zai biya rabin hayar da kansa. Irin wannan haɗin gwiwa ne yake sa asusu ƙarami ya kai ga gidaje da yawa.

Kuɗin asusu ya tafi kai tsaye zuwa ga mai gida ta banki, da sanin ɗan haya da yardarsa. Ba don ana zargin ɗan hayar ba ne. Mutumin da yake da mara lafiya a gida da masu bin sa bashi a ƙofa ba zai iya riƙe dubu sittin kwana biyu ba a taɓa ta ba. A karɓi rasit da sunan ɗan haya, a rubuta abin da aka daidaita a kai da ranar da sabuwar hayar za ta ƙare, mai gida ya sa hannu cewa ya janye notis, shaidu biyu su sa nasu.

Ya kamata aƙalla mutum ɗaya a kwamitin ya san abin da doka ta ce. A mafi yawan jihohi, idan babu wata yarjejeniya ta daban a rubuce, mai hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata shida, mai hayar wata-wata kuma na wata ɗaya, sannan a ƙara sanarwar kwana bakwai kafin a tafi kotu, ko da yake tarin bashin haya yana iya sauya wannan lissafi. Abin da ba ya sauyawa shi ne, mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, yaye kwano ko watsar da kaya da hannunsa ba tare da umarnin kotu ba. Inda aka fara irin wannan, a nemi lauya ta Hukumar Bayar da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda take aiki tun 1976, ko ta ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Amma doka ta zama abin da za a koma gare shi idan sulhu ya gagara, domin ɗan hayar da ya yi nasara a kan mai gidansa a kotu da wuya a sabunta masa haya.

Bayan an biya

Ko kyauta ce ko rance marar ruwa, a faɗa a fili tun kafin a biya. Rance ya dace da mai sana'a mai gudana, kuma abin da ya dawo yana ceton wani gidan. Ɗora shi a kan bazawara marar abin yi kuwa ƙara mata mai bin bashi ne. Abin da ya kamata kowa ya shiga, in dai yana da ɗan abin samu, shi ne tanadin hayar baɗi tun daga makon da aka biya ta bana. Hayar 180,000 idan aka raba ta a kan makonnin shekara ba ta wuce kusan 3,500 a mako ba, kuma ƙungiyar matan unguwa ko ta sana'a za ta iya riƙe wannan zubi a asusun da ba a taɓawa sai ranar haya. Wasu masu gidaje ma sukan yarda a riƙa biyansu wata uku-uku idan ƙungiya ta tsaya wa ɗan hayar.

A koma gidan bayan wata shida, a sake komawa bayan shekara, a rubuta abu ɗaya: suna nan a ɗakin ko sun tashi, kuma idan sun tashi, ina suka koma. Wannan ne ma'aunin aikinku, ya fi jimillar kuɗin da aka raba faɗin gaskiya. Rahoton da za a kai wa masu bayarwa ya ƙunshi adadi da unguwanni ba tare da sunaye ba, littafin sunaye kuma ya zauna a hannun mutum biyu kawai, abin da ya dace da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Daga wannan littafi ne kuma za ku gano idan sunan mai gida ɗaya yana yawan maimaituwa, wanda yakan nuna ko dai yana ƙara haya fiye da kima, ko kuma ana haɗa baki da shi a ƙirƙiri bashi.

Ambaliya irin ta Maiduguri a watan Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ko gobarar da ta cinye layi guda, sun fi ƙarfin irin wannan asusu. A bar su ga NEMA da hukumomin agajin gaggawa na jihohi, in kuma za ku taimaka ku buɗe gidauniya ta daban.

Mafi yawan abin da za ku tara zai shigo ne a watan Ramadan, amma wa'adin haya yana cika a kowane wata na shekara. Ku raba abin da aka samu kashi goma sha biyu, ku ƙi yarda a cinye kason watanni masu zuwa komai yawan sunayen da suka taru kafin Salla, sannan ku nemi masu zubi na wata-wata, ko da dubu biyu-biyu ne, domin su ne za su riƙe asusun a tsakiyar shekara. Idan kason wata ya ƙare, ku sanar da limami, mai unguwa da shugabar mata a ranar, don kada su ci gaba da yi wa mutane alkawarin da babu kuɗin cika shi. Su dai ci gaba da kawo sunaye, domin zaman sulhu da mai gida da neman ƙarin wa'adi ba sa buƙatar kuɗi, kuma sau da yawa mako uku da aka roƙo ya isa a kai ga kason wata mai kamawa.